Simintin Ƙofar Ɗakin Iya

Ranar Asabar ce, kwana tara bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamare. Rana ba ta gama fitowa ba amma tuni gidanmu na gado a Fassi ya cika da ƙarar shebur da kwanon sarki. Mahaifina, Malam Garba birkila, yana tsaye cikin kwaɓin siminti har idon sawu, ya naɗe wando, ya tura hula ƙeya, yana nuna wa leburori biyu inda za su juye. Ni kuwa ina ta safa da marwa tsakanin rijiya da duro da garwa a ka, zanina ya jiƙe sharkaf, bakina ya ƙi rufuwa don murna. Kakarmu Iya tana zaune can gindin rumbu a kan kujera 'yar tsugunno, tana ɓarar gyaɗa tana yi mini tsiya, wai ruwan da nake zubarwa a hanya ya fi wanda nake kaiwa. Aikin ba wani babba ba ne, filin ƙofar ɗakinta ne za a zuba wa siminti, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance. Amma Baba ya yi shekaru yana jiran ranar da zai shafe wannan ɗan filin da hannunsa, kuma duk wanda ke gidan ya san haka.

Asali daɓe ne a wurin, irin na da. Iya ta sha ba mu labarin yadda ita da matan unguwa suka yi shi tana da goyon Baba, suka baza marmara da tsakuwa, kowace da madaɓinta, suna bugawa suna waƙa tun safe har la'asar, sannan aka yi ta yayyafa ruwan makuba har ya yi jawur ya yi ƙarfi. Lokacin da na yi wayo, daɓen nan ya gama yayinsa. Ya fashe, ya yi ramuka, kaji sun tone rabinsa suna wankan ƙasa a ciki. Da damina sai wurin ya koma taɓo, mu yara mu jera duwatsu muna tsallake. Abin yana cin Baba a rai ƙwarai. Mutum ne da ya shafe ɗakunan mutane tun daga Fassi har cikin Kibiya, amma ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ta gagare shi, don hannu yake da shi, ƙarfin sayen siminti kuwa babu. Abokan wasansa ba sa raga masa a majalisa, sai ka ji an ce, "Birkila, yaushe za a kai ga tsohuwa?" Ya yi dariyar yaƙe ya sauya zance.

Ni na san aikinsa ne saboda ni ke kai masa abinci idan aikin a cikin gari yake, kuma ba na dawowa da wuri, sai Inna, wato mahaifiyata, ta aiko a koro ni. Kafin ya buga turke ko ɗaya sai ya yi sallama da matan gida ya tambaye su ina suke wanke-wanke, ina suke zubar da ruwan tsarki, ina turmi yake zama. Wurin turmi yakan bar masa ƙasa, zagaye guda, don daka ba ta shiri da siminti. Idan an gama zubi, an ja dogon katako an daidaita, sai ya wanke hannu ya zauna a inuwa kamar ba shi da sauran aiki. Jira yake ruwan da ya taso sama ya koma. Can sai ya tashi ya danna babban yatsa a gefe, ya duba. Idan ya yi, sai ya shimfiɗa katako ya durƙusa a kai, ya fara daga can ƙurya yana ja da baya, da farko da sassaƙaƙƙen katako mai mariƙi, sannan ya barbaɗa garin siminti ya bi da cokalin ƙarfe, sau uku, kowane bi da irin nauyin hannunsa. Yakan ce, "Siminti ba a yi masa gaggawa, ba a kuma sa shi jira." Yakan kuma ce, "Kwaɓi na kowa ne, shafi shi ne mai suna." Da gaskiyarsa, don ba wanda ke tambayar wa ya kwaɓa, sai dai a shiga ɗakin amarya a shafa ƙasa da tafin ƙafa a ce wannan hannun Malam Garba ne.

Yayansa, Alhaji Ado, wanda muke kira Baffa, shi Allah ya buɗa wa a gidan. Fataucin hatsi da albasa yake yi zuwa Kano, yana da lambu a fadama, shi ne kuma mutum na farko da na gani da wayar salula. Shi ne ɗan farin Iya, ba ta ko faɗin sunansa, sai dai ta ce "Alhaji". Ni kuwa sunan Iya aka sa mini, saboda haka daga Baba har Baffa "Uwata" suke kirana, kuma a gaskiya ina son Baffa, don bai taɓa dawowa daga Kano bai riƙo mini wani abu ba. Wata rana cikin damina, bayan an sha ruwa kwana biyu a jere, na kai musu fura zaure na tarar suna zancen ƙofar ɗakin Iya. A gabana Baffa ya ce, "Garba, da an ɗauke kaka za a yi. Ni siminti, kai hannu." Har ya juyo ya ce da ni, "Uwata, ke ce shaida." Na ce na shaida. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, an ɗora mini shaida, ranar ko tuwo ban iya ci ba don jin kai.

Daga nan muka shiga shiri ba ji ba gani. Kullum aka tashi daga makaranta, kafin lokacin islamiyya, ni da ƙannena sai mu ɗauki tsofaffin kwanoni mu nufi gindin dutse tsintar tsakuwa. Baba ba ya karɓar kowace iri, sai mai girman ƙwayar gurjiya, idan ka kawo masa ɓaraguzai ya watsar ya ce a koma. Yashi kuwa da jakin maƙwabcinmu aka yi ta jido shi daga rafi, mu kuma mu tankaɗe shi a rariyar waya muna fitar da kashin awaki da ƙirare. Tafin hannuna ya yi kanta, farcena duk suka karye, Inna tana faɗa wai na zama kamar ɗan lebura, wa zai ƙunsa mini lalle a haka. Ko a jikina. A makaranta kuwa na ishi kowa da cika baki. Idan muna carafke a ƙarƙashin darbejiya duwatsu suna nutsewa cikin rairayi, sai in ce su bari kawai, an kusa, za su zo gidanmu su ga inda dutse ke gudu da kansa, kuma babana ne zai yi. Shi ma Baba an kira shi wani aiki na mako biyu a Kibiya, gaban shaguna, ya ba su haƙuri ya ce yana da aikin gida.

Ranar Laraba kafin aikin, na dawo daga makaranta ke nan ko kayan ban tuɓe ba, Baffa ya kira ni. Ya miƙo mini galan ya ce in je bakin titi wajen 'yan bumburutu in sayo masa fetur, man injin ban ruwansa na lambu ya ƙare kaf. Ya ce ni kaɗai ya yarda da ita a yaran gidan, sauran duk shashashai ne, idan na dawo in ajiye bayan rumbu kada yara su taɓa. Tafiyar da ɗan nisa. Na ɗoro galan a ka, murfin ba ya rufuwa sosai, man yana ɗiga yana bin ɗankwalina har wuya, rana tana dukana, amma ina tafe ina yanga, an aiki mai hankali. Ya ba ni alewa biyu, na ba ƙanwata ɗaya. Kwana uku kaina yana warin fetur.

To, mu koma ranar Asabar. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama zubi. Baba da lebura ɗaya suka ja dogon katako, wuri ya kwanta lumui, ya ɗan karkata zuwa magudanar ruwa yadda ido ba zai gane ba sai an faɗa maka. Ya wanke cokalinsa ya goge da gefen riga, ya jera kayan shafi a kan buhu, ya zauna jira. Sai ga aike daga zaure, Baffa yana kira, an yi baƙi. Ya tafi yana waiwaye. Aka kawo fura, aka kawo goro, aka shiga hirar farashin dawa da ta wani rikicin iyakar gona da aka yi tun ba a haife ni ba. Ni ina tsugune ina korar kaji, ina kallon ruwan yana komawa, sheƙin saman yana dushewa. Na danna yatsa kamar yadda nake ganin yana yi, na san lokaci ya yi. Na ruga zaure na tsaya a bakin ƙofa ina yi masa alama da ido. Ya yunƙura zai tashi, Baffa ya ce, "Garba, ina magana kana kallon ƙofa?" Ya koma ya zauna. A gidanmu ƙane ba ya tashi ya bar yayansa da magana a baki, ko da gemunsa ya fara furfura. Sau uku ina zuwa ana korata. Aka kira azahar, suka wuce masallaci tare, Baffa yana riƙe da hannunsa.

Suna dawowa a-kori-kura tana tsayawa a ƙofar gida. Samari biyu 'yan Kano suka diro, suka sauko da wani abu da ban taɓa gani ba, kamar babbar fanka da aka kifa a ƙasa, da inji a bisanta da dogayen hannuwa irin na babur. Suka rarrafo da shi ta zaure har tsakar gida, suka ajiye daidai kusa da buhun da Baba ya jera cokulansa. Yara suka cika katanga, mata suka leƙo ta bayan zana. Ɗaya saurayin ya taka simintin da takalmi, ya duba sawunsa, ya ce ya yi daidai, Alhaji ya iya lissafin lokaci. Sannan ya tambaya ina mai. Baffa ya waiwayo, fuskarsa wasai, ya ce, "Uwata, ɗauko mana galan ɗin nan na bayan rumbu."

Wallahi har yau idan na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. A nan take komai ya faɗo mini: lambu, alewa, ni kaɗai ya yarda da ita, hirar zaure da ta ƙi ƙarewa. Ashe da kaina na yi dakon abin da za a wulaƙanta ubana da shi. Na ƙame a wurin, na ƙi motsi, sai da Inna ta daka mini harara daga bakin madafi. Na je na ɗauko. A hanya na yi tunanin in tuntsurar da shi, ban iya ba. Baffa kuwa yana ta bayani da ƙarfi don na kan katanga su ji, wai zamani ya zo, a Kano yanzu manyan gidaje da wannan ake yi, ba zai yiwu a ce mahaifiyarsa tana taka abin da bai kai na birni ba, kuma ma hutar da ɗan'uwansa ya yi. Baba yana tsaye, cokali a hannu. Na zuba masa ido ina jira ya yi magana, ya tuna masa alkawari, ya ce ga shaida nan. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Yaya."

Aka ja igiya inji ya tashi. Akuyar Iya ta tsinke igiya ta yi waje, jarirai suka ɓarke da kuka, yara suna ihu suna tafi, har da ƙawayen nan nawa da na gayyato da bakina. Wurin ya yi wa injin kaɗan, bai gama miƙewa ba ya kai bango, saurayin yana ta kokawar juya shi yana zufa. Na yi ta addu'a a raina Allah ya sa ya ɓata, ya sa ya yi tabo, ya sa injin ya mutu. Bai mutu ba. Kafin a kira la'asar an gama, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Sumul, yana ɗaukar ido, kana hango inuwar rumbu a ciki. Mutane sai salati suke yi.

Sai dai inji ba ya kai wa jikin bango, ba ya shiga kusurwa. Ko'ina ta gefe an bar kamar faɗin kamu biyu, gatsa-gatsa. Samarin suka ce su ba su zo da cokali ba. Baffa ya duba, ya ce, "Garba, ga naka nan, a gyara mana gefe-gefen." Wani a cikin taron ya yi tari don ya ɓoye dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so Baba ya yi jifa da cokalin nan ya fice, ko da za a yi shekara ana zancensa. Sai na ga ya ɗauki katakonsa ya shimfiɗa, ya durƙusa a gaban garin Fassi kaf. Simintin ya riga ya wuce lokacin hannu, ya fara tauri, sai da ya riƙa yayyafa ruwa yana dannawa da iyakar ƙarfinsa, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi. Ya bi bangon nan kaf a kan gwiwa. Kuma bai sa masa sheƙi ba, da katako kawai ya bi shi, ya bar shi da ɗan kaushi. Ina ji da kunnena wani dattijo yana cewa da na kusa da shi, "Ka ga bambanci ko? Hannu ya tsufa."

Da taro ya watse na nufi Iya, ina huci. Na ɗauka ita ma an ci amanarta, za mu haɗu mu yi kuka. Na ce, "Iya, kin ga abin da Baffa ya yi?" Ba ta ɗago daga tsintar wakenta ba. Ta ce tun ranar Laraba ta sani, shi ya faɗa mata. Na ce to me ya hana ta gaya wa Baba? Sai ta ce, "Takwara, duka biyun ni na haife su. Na duba wanda zai iya haɗiyewa a cikinsu, na bar masa." Wannan ya fi na Baffa yi mini ciwo. Matar da saboda ita muka ƙare farce a gindin dutse! Na yi wata guda ban shiga ɗakinta ba, ta aiko mini da ƙuli-ƙuli na mayar, ta aiko da rake na bai wa akuya.

Sabon siminti sai an yi masa ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, kuma aikina ne tun asali. Na ce ko za a yanka ni ba zan yi ba. Washegari da safe na fito na tarar Baba da garwa yana yayyafawa da kansa, a hankali, kamar aikinsa ne. Na tsaya ina kallo, hawaye suna zuba. Ya ce, "Simintin bai yi miki laifi ba, Uwata, kawo ruwa." Na kawo, ina ƙunƙuni. Na tambaye shi me ya sa bai goge gefen nan ya yi ƙyalli ba, ya rufe bakin masu magana, alhali na san zai iya. Ya ce, "Iya da bango take tafiya yanzu, ba ki lura ba? Tsakiyar nan idan ta jiƙe santsi za ta yi." Ban lura ba. Daga ranar na fara kallo, kuma haka ne, duk fitar da za ta yi da buta ko da kwano, hannu ɗaya a bango, ƙafarta a kan ɗan kaushin nan, har ƙarshen rayuwarta ba ta taɓa ratsa tsakiya ba.

Amma wa ya san wannan? Abin da ya zaga gari shi ne yayansa ma, uwa ɗaya uba ɗaya, bai yarda da hannunsa ba. Injin ya koma Kano a ranar, an kuma yi shekaru ba a sake ganin irinsa a Fassi ba, saboda haka ba shi ya ƙwace wa Baba aiki ba, maganar ce. Masu aurar da 'ya'ya suka fara ɗauko birkila daga Rano. Wanda ya kira shi ma sai ya tsaya a kansa yana ba shi shawara. A hankali ya koma noma da ɗan gyaran katanga. Bai taɓa kai ƙara wajen kowa ba, kuma kowace safiya sai ya je ya gaida Baffa a zaure, har ranar da aka ɗauki gawar Baffa daga zauren nan. Simintin yana nan har gobe, ko tsaga babu. Na sani, don duk zuwan da na yi gida sai na duba, Allah ya yafe mini.

Yanzu a Rano nake aure, ina koyarwa. Injin nan ya zama ruwan dare, ko ɗan wurin wanke-wanke mutum zai zuba sai ka ji ana cewa a kira mai inji, yara ma ba sa tsayawa kallo. Ba ni da faɗa da shi, yana hutar da gwiwa, ga Baba nan yau a zaune yake sallah saboda abin da durƙuso ya yi masa. Sai dai ban ƙara ganin wanda ya yi sallama ya tambayi matan gida inda turmi yake zama ba. Bara da maigidana ya tashi zuba tsakar gidanmu, inji ya kira, Baba kuma ya zo asibiti ya sauka a wurinmu. Na yi ta fargaba, na so in ɓoye shi a ɗaki. Sai ya sa aka fitar masa da kujera, ya zauna yana kallo yana gyaɗa kai, har ya roƙi yaron ya bar shi ya ɗan riƙe hannuwan ya ji nauyinsu. Da aka watse na yi ƙarfin hali na tayar da zancen da ba mu taɓa yi ba tun ina yarinya. Sai ya ce, "Ni ba inji ne ya kayar da ni ba, Uwata. Da Yaya ya zaunar da ni ya ce ga abin da yake so wa tsohuwa, da ni zan je bakin titi in taro masu injin."

Ya faɗa ba tare da ɗaci ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Shi ya yafe tun tuni. Ni ce har yau ban iya ba.